Nisan tafiya ta jirgin sama daga Sakkwato zuwa Jidda

Tsakanin filin jirgin saman Sultan Abubakar na Uku da ke Sakkwato da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai nisan kimanin kilomita 3,700, idan aka auna shi a miƙe ta sararin samaniya.

Daga wannan filin na Sakkwato ne aka shafe shekaru ana kwasar maniyyatan jihar Zamfara, ciki har da na Anka da Gummi da Bukkuyum.

Daga Kano kuwa nisan bai kai haka ba, kimanin kilomita 3,400 ne, saboda birnin ya fi Sakkwato kusa da gabas. Wanda za a sauke a Madina daga Sakkwato zai yi tafiyar da ta zarce kilomita 3,800.

Jirgin fasinja da ke gudun kimanin kilomita 850 a sa'a guda yakan cinye wannan tazara cikin sa'o'i huɗu da rabi ko biyar. Sai dai agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da sa'o'i biyu, don haka wanda ya tashi da ƙarfe 12 na dare zai sauka ne gari ya riga ya waye.

To amma jirgi ba ya bin layin da aka zana a taswira sai da izinin ƙasashen da zai ratsa. Miƙaƙƙiyar hanyar tana bi ne ta sararin samaniyar Nijar da Chadi da Sudan, sannan ta tsallaka tekun Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da alhazan da suka riƙa bi a ƙasa, wasunsu su yi shekaru kafin su kai gaɓar teku a Sawakin.

A watan Afrilun 2023 ne muhimmancin wannan ya fito fili, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka kuma rufe sararin samaniyar ƙasar ana dab da fara jigilar alhazai.

Hakan ya tilasta wa jiragen yin zagaye, tafiyar ta ƙaru da sa'o'i, man da ake ƙonawa ma ya ƙaru. Kamfanonin jiragen sun nemi ƙarin dala 250 a kan kujerar kowane maniyyaci, a daidai lokacin da galibin maniyyatan suka riga suka kammala biyan kuɗinsu.

Sauka a Jidda ma ba ƙarshen tafiyar ba ne. Babu filin jirgin saman fasinja a Makka, saboda haka sai alhaji ya ƙarasa sauran tafiyar ta ƙasa, wadda kan ɗauki sa'a guda ko fiye a mota.