Tarihin Kayan Ɗaki a Yola da Jimeta: Daga Gadon Kara Zuwa Ciki da Falo



A duk lokacin da aka shiga kakar bukukuwa, ƙorafi iri biyu ne ke yawan zuwa gaban ƙungiyarmu. Na farko daga iyayen amarya, waɗanda bashin kayan ɗaki ya hana su barci. Na biyu daga angwaye, waɗanda suka kama ɗaki ɗaya ko ciki da falo a Luggere, Rumde, Nassarawo ko Jambutu, aka kawo kaya mota guda, rabi ya shiga, rabi ya kwana a tsakar gida. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi, mu ga yadda magabatanmu a wannan gari suka zauna a ƙaramin ɗaki, da yadda aka yi kaya suka fi ƙarfin ɗakin.

ƊAKIN FARKO

Modibbo Adama ya kafa garin Yola a 1841. Shekara goma bayan haka, a 1851, Baturen Jamus ɗin nan mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, ya iso garin a zamanin Lamiɗo Lawal. Abin da ya tarar shi ne gari mai faɗi, gidaje masu manyan filaye, da ɗakuna masu rufin ciyawa. Wannan shi ne ɗakin da Fulani ke kira suudu, a cikin gidan da suke kira saare. Hausawan da suka biyo hanyar fatauci da malanta zuwa Adamawa a wancan ƙarni, daga Kano, Katsina, Zazzau da sauran garuruwa, su ma irin wannan ɗakin suka zauna a ciki.

Ɗakin ƙarami ne, amma bai matse mai shi ba, saboda dalilai uku. Na farko, yawancin rayuwa a waje ake yin ta. Girki, daka, wanki da hira duk a tsakar gida ne, baƙo namiji kuma zaure ne iyakarsa. Na biyu, kayan ba sa cin ƙasa. Ƙwarya da faifai suna rataye a ragaya, tufafi suna cikin adudu, tabarmar kaba idan gari ya waye a naɗe ta a jingine. Abin da ke zaune dindindin bai wuce gadon kara ko na ƙasa ba, sai randa a gefen ƙofa. Na uku, kowane kaya yana aiki fiye da ɗaya. Tabarma ita ce kujera, ita ce shimfiɗar baƙo, a kanta ake cin abinci. Faifai murfi ne, abin fifita ne, da shi ake bakace.

Kuma kayan sun dace da yanayin garin. Kowa ya san Yola a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce maki 40. Jinkar ciyawa tana barin iska ta ratsa, randar ƙasa tana tsatsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Har gobe babu abin sanyaya ruwa da ya kai ta arha.

ABIN DA JIRGIN RUWA YA KAWO

Canji na farko ta kogin Binuwai ya shigo. Tun kafin cin ƙasar, Turawan kamfanin Neja suna ciniki a bakin kogi. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita daga garin, aka naɗa Bobbo Ahmadu. Daga nan Jimeta ta fara bunƙasa a matsayin tashar jiragen ruwa da mazaunin ma'aikatan gwamnati. Da damina, idan kogi ya cika, jirage kan hau daga kudu ɗauke da gishiri, yadi, kananzir da kwanuka, su koma da gyaɗa, auduga da fatu. 'Yan kasuwa, 'yan dako, mahauta, maɗinka da dillalai suka taru, unguwanni irin su Limawa da Alƙalawa suka cika.

Da wannan ciniki ne tasa, langa, kwalla da fanteka suka shiga ɗakin mata. Adakar ƙarfe ta maye gurbin adudu, fitilar ƙwai ta kori fitilar man gyaɗa. Daga baya gadon ƙarfe mai rumfa ya zo, da katifar rimi a kansa. A nan ne jere ya zama abin alfahari. Dattijan matanmu suna tuna yadda ake ɗora kwanuka bisa juna daga ƙasa har kusa da rufi, ana goge su suna ƙyalli.

Amma a lura da abu guda. Kwanukan jere dukiya ce ta mace. Idan rana ta ɓaci, tana iya cire saiti ɗaya ta sayar, ko ta ajiye wa 'yarta har ranar aurenta. Kuma suna shiga cikin juna, suna hawa sama, ba sa cin fili. Gadon ƙarfe kuwa ana kwance shi a ɗaure da igiya, ƙarƙashinsa kuma ma'ajiya ce ta adaka da kwalla. Ko da kaya suka ƙaru a wannan zamani, ɗakin bai toshe ba.

1976: DA JIMETA TA ZAMA GARIN HAYA

A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Jihar Gongola, aka mai da Yola babban birni. Ma'aikata suka taso daga Maiduguri, inda hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas take, wasu suka zo daga Mubi, Numan, Jalingo da Ganye. Gwamnati ta gina rukunan gidaje, ciki har da na Shagari da ke ɓangaren Yola, amma ba su ishi jama'a ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1981, wadda yanzu ake kira Jami'ar Modibbo Adama, ta ƙara yawan masu neman ɗaki. A 1991 aka raba Gongola zuwa Adamawa da Taraba, Yola ta ci gaba da riƙe matsayinta.

Masu filaye suka gane inda kasuwa ta dosa. Aka fara gina ɗakuna a jere da bulo da rufin kwano, ƙafa 12 da 12 ko 10 da 12, banɗaki ɗaya na kowa da kowa, girki a bakin ƙofa. Tsakar gidan da ta kasance ta iyali ɗaya ta zama ta magidanta shida ko takwas. Abin da a da ake yi a waje, yanzu sai a cikin ɗaki.

A daidai wannan lokacin ne kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, ga kuma ƙarin albashin Udoji da ma'aikata suka karɓa a 1975. Rediyo mai kaset, fanka, firji da talabijin suka shiga gidaje. Katifar soso ta kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka ta kori ta rimi. Kabad mai gilashi ya karɓi kwanukan jere, risho ya karɓi aikin murhu. Wato a shekarun da sararin zama ya ragu, a shekarun ne kaya suka ƙara girma. Matsalar da muke fama da ita yau daga nan ta samo asali.

WUTA DA GIRKI

Tarihin girki a ɗakin haya tarihin farashi ne. Risho ya yi zamaninsa lokacin da kananzir ke da arha. Da aka shiga wahalar mai a shekarun 1990, mutane suka koma murhun garin katako, wanda aka laƙaba wa sunan Abacha. Bayan cire tallafin kananzir a 2016, ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗora tukunya a kanta kai tsaye, ta zama abokiyar amare da ɗalibai. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, komai ya tashi, gidaje da yawa suka sake komawa gawayi.

Haka abin yake a ɓangaren lantarki. A 2024, da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin da ke kawo wuta yankin Arewa maso Gabas, mun yi makonni cikin duhu. A lokacin, masu babban firji da injin daskarar da kaya sun zuba musu ido kawai. Waɗanda suka samu sauƙi su ne masu randa, fanka mai caji, da ƙaramin farantin sola mai kunna ƙwai biyu ko uku ya yi cajin waya.

A nan dole mu ja kunne. Murhun gawayi ko janareta a cikin rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Tukunyar gas kusa da labule da katifar soso kuwa gobara ce ke jiran lokaci. Ɗakin da kaya suka toshe tagarsa, ga rufin kwano, ga yara huɗu ko biyar, ya fi zama haɗari a lokacin zafi, lokacin da sanƙarau ke yawo.

RUWA DA GUDUN HIJIRA

Abubuwa biyu sun gwada kayan ɗakinmu a 'yan shekarun nan. Na farko ambaliya. A 2012 da 2022 Binuwai ya yi ambaliya bayan an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, unguwannin bakin kogi suka sha ruwa. Gadon ƙarfe da na katakon maɗaci an wanke su an shanya, an ci gaba da amfani da su. Gado da wadirof na matsattsen garin katako, wanda kafintoci ke kira MDF, da ruwa ya taɓa su sai suka kumbura suka ruguje. Irin waɗannan kayan ko tashi daga gidan haya zuwa wani sau biyu ba sa jurewa.

Na biyu, 2014. Da Boko Haram ta mamaye Madagali da Michika, sannan Mubi a ƙarshen watan Oktoba, dubban mutane suka kwararo Yola da Jimeta. An buɗe sansanoni a Damare da Malkohi, amma mafi yawansu a gidajen 'yan uwa da abokan arziki suka sauka. Duk wanda ya karɓi baƙi a wancan lokacin ya san abin da ya yi amfani: tabarma, gidan sauro, babbar tukunya, bokiti da jarka. An fitar da manyan kujeru waje domin mutane su samu wurin miƙe ƙafa. Allah Ya saka wa duk wanda ya buɗe ƙofarsa, Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana.

LISSAFIN ƊAKI

Mu ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da 12. Filinsa murabba'in ƙafa 144 ne. Gado mai ƙafa 6 da 6 ya cinye 36, wato kashi ɗaya cikin huɗu, ban da fuskarsa da akwatunan gefe. Wadirof mai tsawon ƙafa 6 da faɗin 2 ya ɗauki 12, kuma yana son wurin buɗe ƙofa. A ƙara madubi, firji, kabad ɗin kwanuka da akwatunan lefe. Ina wurin shimfiɗa sallaya? Ina yaro zai yi rarrafe?

A Amurka, musamman bayan karayar tattalin arziki ta 2008, wasu sun rungumi zaman ƙananan gidaje da gangan, kuma abin da suke kira ƙaramin gida yakan kai murabba'in ƙafa 400. Dabarun da suke taƙama da su, kamar rataye kaya a bango, shimfiɗar da ake naɗewa da safe, da ajiya a ƙarƙashin gado, su ne dai na ragaya, tabarma da adaka.

Bisa wannan tarihi, ga shawarar da muke bai wa mambobinmu:

1. A auna ɗaki kafin a je wurin kafinta. Dangin ango su faɗi gaskiyar girman ɗakin, dangin amarya su aika a gani.
2. Gado mai ƙafa huɗu da rabi, mai tsayin da akwati zai shiga ƙarƙashinsa, ya ishi ɗaki ɗaya. A zaɓi ƙarfe ko katako mai ƙwari da ake iya kwancewa.
3. A kafa kanta a bango domin kwanuka da kuloli, a bar ƙasa ga mutane.
4. Kujera ɗaya mai zaman mutum biyu, da darduma da tabarma, sun fi cikakken saiti amfani a ƙaramin falo.
5. Randa, fanka mai caji da ƙaramar sola su riga babban firji shiga lissafi.
6. Girki a waje ko kusa da buɗaɗɗiyar taga. Kada a toshe taga da wadirof ko kabad.
7. Kuɗin da ya rage a saya wa amarya abin da zai zame mata jari, kamar keken ɗinki, ɗan kunnen zinare ko tunkiya. Aikin da kwanukan jere suka yi wa kakanninmu ke nan.

Iyaye mata, mun san abin da kuke tsoro shi ne gori, kada a ce 'yar wance an kai ta da ɗaki fayau. Amma malamanmu sun sha faɗa mana cewa samar da wurin zama haƙƙi ne a kan miji, kayan ɗaki kuma al'ada ce da kyautatawa. An ruwaito cewa kayan da aka kai Nana Faɗima, Allah Ya ƙara mata yarda, ba su wuce mayafi, salkar ruwa da matashin fata ba. Babu wanda zai ce 'yarsa ta fi ta daraja. Gori kuma ba ya ƙarewa sai an haɗu an daina yin sa, domin masu zuwa ganin ɗaki mu ne, matanmu ne, ƙannenmu ne. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Za mu gabatar da wannan batu a taron wata mai zuwa, kuma muna roƙon ɓangaren mata su zo da shawararsu, domin su suka fi mu sanin ɗaki. Dattijan da suka ga zamanin jiragen ruwa ko farkon Jihar Gongola, muna son jin abin da suka tuna, domin mu rubuta shi kafin ya ɓace.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya rufa mana asiri, Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, manya da ƙanana. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Jimeta.