Sunan Gida da Sunan Littafi: Gurbin Sanin Tsirrai na Hausawa a Karatun Bayoloji na Digirin Farko

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake koyar da Bayoloji, wato ilimin halittu, a matakin digirin farko a jami'o'in ƙasar Hausa, ta fuskar ilimin da ɗalibi ya taho da shi daga gida. Ta ɗauki tsirrai uku, gero da ƙuduji da gawo, ta auna abin da Bahaushe ya sani a kansu da abin da kimiyya ta tabbatar. Ta tarar cewa wannan sani ya isa a gina darasi a kansa, a kuma gwada shi a gona da ɗakin gwaje-gwaje. Daga nan ta kawo shawarar yadda za a ba shi gurbi a sabuwar manhajar jami'o'in Nijeriya.

Gabatarwa

Ɗalibin Bayoloji a Nijeriya yakan yi shekara huɗu. A aji ɗaya yana haɗa Bayoloji da Kimistiri da Fizis da Lissafi, a ajujuwa na gaba ya shiga ilimin gado da na muhalli da na rabe-raben halittu, ya fita samun horon aiki, sannan ya rufe da kundin bincike. Tsarin ba shi da aibi a takarda. Matsalar tana ga abin da yake faruwa tsakanin lacca da jarrabawa, inda hadda ta fi komai tasiri. Ɗalibi zai rubuta Adansonia digitata ba kuskure, alhali bai taɓa jin an ce masa ita ce kukar da ya sha miyarta jiya da dare ba.

Haɗa sunayen biyu ba sabon aiki ba ne. Tun a 1916 J. M. Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa tare da na kimiyya, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Ƙamusun Bargery na 1934 ma cike yake da su. Abin takaici shi ne, an tattara wannan ilimi daga bakin manoma da makiyaya da masu magani fiye da ƙarni guda da ya wuce, amma jikokinsu suna shiga aji ana ɗaukarsu kamar ba su san ko ciyawa ɗaya ba.

Hanyar Bincike

An bi hanyar kwatantawa. An zaɓi tsirrai uku da kowane ɗan karkara ya sani, aka jera abin da suna da al'adar noma suke faɗa a kansu, aka gwama da abin da binciken kimiyya ya kafa, sannan aka duba wane darasin manhaja ne kowannensu zai iya ɗauka.

Gero: Inda Hausa ta Rarrabe

A wurin masana rabe-raben tsirrai, gero da maiwa da dauro nau'i ɗaya ne, Pennisetum glaucum. A wurin manomi uku ne. Gero yana nuna da wuri, shi yake fitar da mutane daga yunwar damina. Maiwa tana jinkiri, ba ta fitar da kai sai rana ta fara gajarta a ƙarshen damina. Dauro kuwa dasa shi ake yi. Bambancin gero da maiwa shi ne ainihin darasin tasirin tsawon rana a kan furen tsiro, wanda ake koyarwa a ilimin aikin jikin tsirrai da misalan ƙasashen da ɗalibi bai taɓa gani ba. Da an shuka su biyun a rana ɗaya, layi kusa da layi, ɗalibai suna rubuta ranar da kowanne ya fitar da kai, da darasin ya koyar da kansa.

Ƙuduji: Inda Hausa ta Haɗe

Nan kuma akasin haka ne, kuma a nan kimiyya take da abin ba manomi. Ƙuduji, ko wuta-wuta, suna ne da ya rufe nau'i fiye da ɗaya. Striga hermonthica mai fure ruwan hoda yana kama dawa da gero da masara. Striga gesnerioides wake yake kamawa. Wanda bai rarrabe su ba zai iya ba da shawarar juyin shuka da ba za ta yi aiki ba.

Duk da haka, manomi ya riga ya lura da abu mai muhimmanci: ƙuduji ya fi yawa a gajiyayyar gona, taki kuma yana rage shi. Kimiyya ta zo ta bayyana dalili. Irin ƙuduji ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya yana zubar da dubun-dubata, suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. Ba sa tsira sai sun ji wani sinadari da saiwar shuka take fitarwa, wanda aka fara ware irinsa daga saiwar auduga a 1966. Shuka kuwa tana ƙara fitar da wannan sinadari idan ƙasa ta rasa abinci, musamman fosforas da naitirojin, domin da shi take kiran wasu ƙwayoyin naman gwari na cikin ƙasa da suke taimaka mata tsotso abinci. Ƙuduji yana satar jin wannan kira ne, ya tsiro, ya maƙale wa saiwa, ya sha ruwa da abincin shukar makonni kafin ya leƙo sama. Shi ya sa manomi yake ganin dawa ta tsumbure tun kafin ya ga fure.

Cikin wannan ciyawa ɗaya akwai ilimin sinadaran halitta, akwai cuɗanyar halittu, akwai ilimin ƙasa. Gwajinta kuma ba ya buƙatar na'ura mai tsada: tukwane, ƙasa daga gona mai ƙuduji, irin dawa, taki a wasu tukwanen, babu a wasu, sai ƙirga da haƙuri. A ganina babu darasin da ya kai wannan dacewa da ɗalibin aji biyu.

Gawo

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa: yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Manoma sun daɗe da sanin cewa hatsi ya fi kyau a gindinsa, shi ya sa ba a sare shi. Bayanin kimiyya ya zo daidai da wannan. Rashin ganye da damina yana nufin ba ya tare wa shuka rana. Saiwarsa tana nutsawa can ƙasa ta samo ruwa da rani. Dangin wake ne, yana tara naitirojin ta hanyar bakteriyar da take zaune a saiwarsa. Dabbobi kuma suna fakewa a inuwarsa da rani, suna cin 'ya'yansa, suna barin taki. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, inda manoma suka koma renon kututture da tohon itatuwa a gonakinsu tun shekarun 1980, an kiyasta fili mai kusan hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa, gawo yana cikin na gaba-gaba.

Akwai wani darasi na daban a sunansa. An daɗe ana kiransa Acacia albida kafin a tsaya a kan Faidherbia albida. Bagaruwa ma ta tashi daga Acacia nilotica ta koma Vachellia nilotica bayan muhawarar da taron masana tsirrai na duniya ya rufe a 2011. Ɗalibin da ya haddace suna kawai yakan rikice idan littafi biyu suka saɓa. Wanda ya san itacen ido da ido yana fahimtar cewa sunan kimiyya hukunci ne a kan dangantaka, hukunci kuwa yana sauyawa idan sabuwar hujja ta zo.

Tattaunawa

Za a iya cewa duk wannan son gida ne, kimiyya kuwa ta duniya ce. Amsar ita ce, ba a nemi a sauke sunan da tsarin Linnaeus ya kafa tun 1753 ba, domin da shi ɗalibin Sakkwato zai yi magana da na Indiya. Ba a kuma ce duk abin da aka gada gaskiya ne ba. Wasu maganganun gargajiya za su faɗi idan aka gwada su, faɗuwarsu ma darasi ce. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya koyi mayar da zancen kakarsa hasashe, ya tsara gwaji, ya karɓi sakamako ko bai yi masa daɗi ba.

Hujjar koyarwa ta goyi bayan haka. A 2014 Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci na digirin farko. Sun tarar cewa inda lacca ce kawai, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai suna faɗuwa, inda kuwa ɗalibai suke aiki da hannunsu da tunaninsu a cikin aji, adadin ya sauka zuwa kusan kashi 22. Mafi yawan waɗannan bincike a Amurka aka yi su, saboda haka akwai buƙatar malamanmu su auna abin a ajujuwansu masu cunkoso. Amma ƙarancin kayan aiki, wanda shi ne kukan kowane sashe, bai hana irin wannan koyarwa ba. Harabar jami'a a Zariya ko Kano ko Yamai cike take da darbejiya da tsamiya da sabara, ba a kuma biyan kuɗi kafin a dube su.

Shawara

A Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Nijeriya ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Wannan maƙala tana ba da shawarar sassan Bayoloji su ware kwas ɗaya daga wannan kaso a aji biyu, inda kowane ɗalibi zai tattaro tsirrai daga garinsu, ya busar da su, ya maƙala wa kowanne takarda mai ɗauke da sunan kimiyya, da sunan Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko duk harshen da aka faɗa masa, da wuri da rana, da wanda ya koya masa idan ya amince a ambace shi. Wannan na ƙarshe haƙƙi ne, ba ado ba. Maki ya dogara ga ingancin samfuri da bayaninsa.

Lokaci ma abin lura ne. Ba a tantance yawancin ciyayi sai da fure, furen ƙuduji da kan maiwa kuwa sai ƙarshen damina. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, ya nuna yadda jadawali yake iya gocewa har darasin daji ya faɗo tsakiyar rani. Saboda haka a ɗaure aikin tattarawa da watannin Agusta zuwa Oktoba, ko da a hutu suka faɗo, a bar tantancewa da rubutu ga zangon karatun da ya biyo baya.