Kwabo Mai Huji da Kuskuren Maƙera

Kafin zuwan Turawa, da wuri a ke ciniki a ƙasar Gumel. Bature matafiyi Barth ya sauka garin cikin 1851, ya tarad da babbar kasuwar kanwa. Manyan fatake kuwa suna riƙe da dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya. An yi ta buga wannan dala shekaru barkatai bayan rasuwar sarauniyar, amma ba a sake shekarar da ke jikinta ba, watau 1780. Tun daga nan za mu gane shekarar da ke jikin kuɗi ba kullum ta ke faɗin ranar da aka buga su ba.

Turawan Ingila suka karɓi Gumel cikin 1903, zamanin Sarki Ahmadu. Cikin 1907 aka fito da anini da kwabo masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Aninin farko da sanholo aka yi shi, sai aka ga yana saurin lalacewa, saboda haka cikin 1908 aka sake masa ƙarfe. Cikin 1913 taro da sisi da sule da fataka na azurfa suka shigo. Da azurfa ta yi tsada, cikin 1920 aka daina yin su da ita.

Yawancin kuɗin nan a Ingila a ke buga su. In kun duba da kyau, a jikin waɗansu za ku ga ƙaramin baƙi H ko KN. Waɗannan alamun maƙera biyu ne na birnin Birmingham. Ga yadda aikin ya ke: a daddale ƙarfe ya yi faɗi, a yanko shi kewayayye, a huda wanda za a huda, a kuma danne shi tsakanin hatimi biyu masu ƙarfi, ɗaya na gaba, ɗaya na baya. Kowane mataki yana da irin kuskurensa.

Na farko, kuskuren yanka. In wuƙar inji ta faɗa inda ta riga ta yanka, kwabo ya kan fito da giɓi a gefe kamar jinjirin wata. In mahudi ya goce, hujin ya kan karkata gefe, wani lokaci ma kwabon ya fito ba huji sam.

Na biyu, kuskuren bugu. In ƙarfen bai zauna daidai ba, rubutu ya kan zame, gefe ɗaya ya fito fili. In hatimi ya tsufa ya tsage, ƙarfe ya kan shiga cikin tsagar, sai a ga siririn layi ya taso a kan kwabon.

Na uku, shi ne mafi ban mamaki, a haɗa hatimi biyu waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Turawa suna kiran irin wannan kwabo alfadari, don uba jaki ne, uwa goɗiya. Sarki Edward na 8 ya hau gadon Ingila cikin Janairu 1936, ya yi murabus cikin Disamba. A Ingila ba a fitar da kuɗi da sunansa ba, amma kwabonmu ya fito da shi. A maƙerar H aka haɗa hatimin kuɗin Afirka ta Gabas da na kwabonmu na 1936, da ya ke duka biyun masu huji ne. An kuma sami kwabon 1945 da sunan Edward, shekara tara bayan ya bar sarauta, da na 1956 da sunan Sarki Joji na 6, alhali ya rasu tun 1952.

To, ba kowane lahani ne ya fito daga maƙera ba. A da mutane su kan zura kwabo a igiya su ɗaura a ƙugu, har hujin ya cinye. Waɗansu su kan binne kuɗi cikin tulu, danshi ya ci su. Maƙeran gida su kan huda sule don yin kayan ado. Ga hanyar bambancewa: tsagar hatimi tasowa ta ke yi, ƙarzuwar wuƙa kuwa lotsawa ta ke yi. Giɓin inji bakinsa sumul ya ke, amma wanda aka goge da magagari yana barin sawu.

Sai kuma jabu. Masu wannan mugun aiki narka ƙarfe su ke yi su zuba cikin zubi, saboda haka rubutun ba ya fita sarai, fuskar kuma ta kan yi zanzana. Dalili ke nan tsofaffin 'yan kasuwa su kan jefa sule kan dutse su saurari ƙararsa. Don maganin jabu, cikin 1938 aka fito da sule mai kwari a kewayen bakinsa.

Cikin 1959 Nijeriya ta fito da kuɗin kanta, ran 1 ga Janairu 1973 kuma naira ta maye gurbin fam. Kwabo mai huji ya bar kasuwa, amma akwai masu tara tsofaffin kuɗi, su kuwa sun fi son wanda ya fito da kuskuren maƙera, don ba shi da yawa. Kwabon da ba shi da wani kuskure an buga shi da yawan gaske, ba ya sa mutum arziki.

Saboda haka, jama'a, in kun tsinci tsohon kwabo a gona a Gagarawa ko Sule Tankarkar, ko wani ya tare ku da shi ran Alhamis a kasuwar Maigatari yana cika baki, kada ku yi gaggawar saye, kada kuma ku yi gaggawar sayarwa. Kada ku goge shi da toka ko lemun tsami, gugar tana rage masa daraja. Ku karanta sunan sarki, ku karanta shekara, ku gani ko sun dace da juna. Wanda ya iya karatu ya iya wannan bincike da kansa, ba mai ruɗinsa da zaƙin baki.