Ma'aunin Bolton: Yadda Ake Gwada Girman Haƙoran Sama da na Ƙasa

Kafin likita ya ɗaura wa mutum wayar daidaita haƙora, yakan auna faɗin kowane haƙori, ya kwatanta jimlar na muƙamuƙin ƙasa da ta na sama. Dalili kuwa shi ne, haƙoran sama sukan ɗan rufe na ƙasa kamar yadda murfi ke zama a kan tukunya. Idan girman ɓangarorin biyu bai dace ba, ko an jera haƙoran reras ba za su haɗu daidai ba.

Likitan Amurka Wayne Bolton ne ya fito da wannan ma'auni a shekarar 1958, bayan ya auna haƙoran mutum 55 masu kyakkyawan cizo. Ya gano cewa faɗin haƙoran gaba shida na ƙasa, daga fiƙa zuwa fiƙa, yakan kai kashi 77.2 cikin ɗari na takwarorinsu na sama. Idan aka ƙidaya goma sha biyu a kowane muƙamuƙi, har zuwa mataunin farko, adadin yakan zama kashi 91.3.

Alal misali, idan shida na sama sun tashi milimita 48, ya kamata na ƙasa su kasance kimanin 37. In aka tarar da 40, to akwai rarar milimita 3. A nan likita zai iya goge gefen haƙoran ƙasa kaɗan, ko ya ƙara wa ƙananan haƙoran sama faɗi da abin ciko.

Wushirya, wadda Hausawa ke ƙirgawa cikin alamomin kyau, wani lokaci daga ƙarancin faɗin haƙoran sama take samo asali. Ita ba cuta ba ce. Amma mai son a rufe ta, in ba a yi wannan awo ba, giɓin na iya komawa wani wuri, kuɗinsa su tafi a banza.

Bincike na baya ya nuna cewa adadin yakan ɗan bambanta tsakanin al'ummomi, shi ya sa likitoci ke haɗa shi da hoton muƙamuƙi da duba lafiyar dasashi. Mazauna Wurno, Raba da Goronyo na iya fara neman shawara a sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, su tambaya ko an auna haƙoran kafin a ɗaura waya.