Daga Rairayin Tenere Zuwa Hanyar Magariya: Tarihin Jean Todt

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Magariya ko Dungas cikin shekarun 1980 ya san Fijo. Ita ce 404 mai buɗaɗɗen baya wadda ake labta wa buhunan gyaɗa da hatsi ranar kasuwa, mutane kuma su ɗare bisa kayan. Ita ce kuma 504 doguwa, mai ɗaukar fasinja zuwa Damagaram, ko ta ƙetara iyaka ta bi Baɓura ta nufi Kano. Da yawa daga cikinsu a Kaduna aka harhaɗa su, inda kamfanin Peugeot ya buɗe masana'anta a 1975. A daidai waɗannan shekaru akwai wata Fijon dabam, wadda ba mu taɓa gani da ido ba sai dai labarinta a rediyo: motar tsere mai keta rairayin Tenere a gasar Faris zuwa Dakar. Mutumin da ke bayan wannan mota sunansa Jean Todt. Daga baya shi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa aikin yi wa duniya gargaɗi game da haɗarin hanya. Yadda mai sana'ar gudu ya koma mai kiran a rage gudu tarihi ne da ya shafe mu, domin mu ne ke binne waɗanda hanya ta ci.

An haifi Todt ranar 25 ga Fabrairu 1946 a garin Pierrefort na ƙasar Faransa, mahaifinsa likita ne. Ya shiga wasan tseren motoci a 1966, amma kujerar da ya yi suna a kanta ta gefen direba ce. A irin tseren da ake yi a hanyoyin daji da na duwatsu, mutum biyu ne a mota: mai tuƙi, da mai riƙe littafin hanya, wanda ke sanar da shi kwanar da ke gaba, da rami, da inda zai taka birki, tun kafin ido ya gani. Kuskuren kalma guda na iya jefa su duka cikin kwazazzabo. Shekara 15 Todt ya yi yana wannan aiki. A 1981, shi da direbansa Guy Fréquelin suka zo na biyu a gasar duniya cikin motar Talbot, wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Ari Vatanen ya sha gabansu. Mai karatu ya riƙe wannan suna, domin zai sake dawowa har sau biyu.

Da ya sauka daga kujerar tsere, sai Peugeot ya damƙa masa sashensa na wasanni. A ƙarƙashinsa aka ƙera 205 Turbo 16, ƙaramar mota a ido amma ƙarfinta ya haura na doki 400, wadda ta ci gasar duniya a 1985 da 1986. Zamani ne na motocin da ake kira Rukunin B, waɗanda ƙa'ida ta sakar wa linzami har ƙarfinsu ya fi ƙarfin masu tuƙa su. Vatanen, wanda a lokacin ya koma tuƙa wa Todt mota, ya yi mummunan haɗari a Ajantina a 1985, da ƙyar ya sha. A watan Maris 1986 wata mota ta afka cikin ƴan kallo a Fotugal ta kashe mutum 3. Ranar 2 ga Mayu na shekarar, Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka ƙone ƙurmus cikin motarsu ta Lancia a tsibirin Kosika. Nan take hukumar wasan ta haramta Rukunin B daga shekara mai zuwa. Abin lura a nan shi ne Todt bai yi na'am da wannan hukunci ba. Kamfaninsa har kotu ya je, don ya zuba dukiya mai yawa a motar. A wancan lokaci nasara ce a gabansa.

Wannan haramci ne ya kawo shi ƙasarmu. Da ƙofar Turai ta rufe, sai ya juya motocinsa zuwa gasar Dakar, wadda Thierry Sabine ya ƙirƙiro. Sabine ɗan tseren babur ne da ya taɓa ɓata a hamada a 1977, ya tsira, ya koma gida da niyyar kawo wasu su ga abin da ya gani. Ayarin farko ya tashi daga Faris ranar 26 ga Disamba 1978, ya biyo ta Agadas da Yamai. Sabine ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, kuma a gindin wata bishiya tilo a Tenere aka watsa tokarsa. Shekara guda bayan haka motocin Todt suka iso, suka ci gasar sau huɗu a jere: Vatanen a 1987, Juha Kankkunen a 1988, sai Vatanen kuma a 1989 da 1990.

Gasar ta kawo wa Agadas baƙi da kuɗi, ta kuma kawo gawa. A ta 1988 wata babbar mota ƙirar DAF ta wuntsila a Tenere, ɗaya daga cikin mutanen da ke ciki, Kees van Loevezijn ɗan Holan, ya mutu. A wannan shekarar dai motar tsere ta banke wata yarinya ƴar shekara 10 a garin Kita na Mali. Jaridun Turai sun cika shafuna da hotunan ƴan tseren da suka mutu, amma mutanen ƙauyukan da aka bi ta kansu layi biyu ko uku suka samu. Wanda ya zo tsere ya sa hannu a takarda, ya san abin da ya taro. Yaron da ya fito kallon ƙura ba wanda ya shawarce shi.

A gasar 1989 ne aka yi abin da, a ganina, ya fi komai bayyana halin Todt. Direbobinsa biyu, Vatanen da Jacky Ickx ɗan Beljiyam, sun yi wa sauran fintinkau, sai suka koma tsere a tsakaninsu, kowa na ƙara wuta. Todt ya ga idan aka ci gaba a haka za a rasa mota, ko ma rai. Da aka sauka a Gawo, sai ya ciro kwabon faran 10 ya wurga sama, ƙuri'a ta faɗa kan Vatanen, aka umurci Ickx ya bar masa gaba. Masu son wasa sun yi tir da haka, suka ce ya kashe armashin gasa. Gaskiya ne kuma cewa kamfaninsa yake karewa. Amma a wannan rana ya nuna ya fahimci abin da direba ba ya iya gani daga bayan sitiyari: mutum biyu masu rige-rige ba za su tsaya don kansu ba, sai wani daga waje ya tsayar da su. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya, ya ga direbobi biyu suna tseren kai wa fasinjan ƙauye na gaba, ya san wannan magana.

Daga nan tauraronsa ya ci gaba da haske. Ya ci tseren awa 24 na Le Mans da Peugeot a 1992 da 1993, ya koma Ferrari a Italiya a 1993, inda Michael Schumacher ya zama zakaran duniya sau biyar a jere daga 2000 zuwa 2004. A watan Oktoba 2009 aka zaɓe shi shugaban FIA, hukumar da ke kula da wasannin motoci da ƙungiyoyin masu mota na duniya, da ƙuri'a 135, abokin takararsa ya samu 49. Abokin takarar nan kuwa Vatanen ne. Todt ya riƙe muƙamin har Disamba 2021. Ita kuwa gasar Dakar tuni ta yi nesa da mu: a Janairu 2000 barazanar hari ta sa aka soke zangunan Nijar, har da wanda zai sauka Damagaram, aka kwashe motoci a jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya. An soke ta 2008 baki ɗaya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020.

A kujerar FIA ya tsinci kansa a matsayin da ya taɓa yi wa tawaye. A Oktoba 2014 matashin direba Jules Bianchi ya yi haɗari a Suzuka ta Japan, ya rasu a Yuli 2015. Ɗan Todt ne ma ke kula da harkokinsa. A 2018 hukumar ta tilasta sanya wata kariyar ƙarfe a saman kan direba, duk da cewa direbobi da ƴan kallo da yawa sun ce ta ɓata kyan mota. A Nuwamba 2020 motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe a Baharain, ta rabe biyu, ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa. Shi da kansa, wanda a da yake sukar kariyar, ya shaida ita ta cece shi.

A Afrilu 2015 Ban Ki-moon ya naɗa Todt Manzo na Musamman kan kiyaye haɗarin hanya, kuma yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka har aka kafa asusun Majalisar Ɗinkin Duniya na wannan aiki a 2018. Alƙaluman da ya riƙa yawo da su masu tayar da hankali ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 suka mutu a hanya a 2021, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yankin Afirka, duk da ƙarancin motocinsa, shi ya fi kowane yanki yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a: mutum 19 cikin kowane 100,000. Hukumar ta kuma ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4, hular kwano kuma na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74.

Ana iya cewa, kuma an ce, ina ruwan mutumin da ya yi arziki da sayar da gudu da wa'azin tafiya sannu? Tambayar tana da nauyi, musamman ga wanda ya tuna yarinyar Kita. Sai dai darasin da ke cikin tarihinsa bai rataya ga tsarkin niyyarsa ba. A filin tsere mutuwa ta ragu ne saboda duk lokacin da aka rasa rai ana bincikar dalili, a canza doka, a tilasta ta ko da masu ƙarfi sun ƙi. A wurinmu, idan ɗan kabu-kabu ya yi karo da amalanken da ba fitila bayan magariba a hanyar Dungas, mukan yi jana'iza, mu yi gaisuwa, mu ce kwana ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne. Amma na taɓa kiran suna a aji wata safiyar Litinin, aka ce mini mai sunan ya faɗi daga kan babur ranar kasuwa, su huɗu a kai, babu mai hula ko ɗaya. Ba wanda ya tambayi dalili, kuma kasuwa ta gaba haka aka sake lodi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi daga 2021 zuwa 2030. Wannan buri ba zai cika a ɗakunan taron Janeba ba idan bai cika a tashar Magariya ba. Abubuwan da ake bukata sanannu ne: shugaban tasha ya hana lodin da ya wuce kima, jandarma ya duba hular kwano kafin ya duba takarda, magajin gari ya sa tudun rage gudu a bakin makaranta da kasuwa, mai amalanke ya liƙa abin da ke ƙyalli a bayan amalankensa, mu malamai kuma mu koya wa yara tsallaka titi kamar yadda muke koya musu karatu. Kowanne daga cikin waɗannan zai ɓata wa wani rai, kamar yadda kwabon Gawo ya ɓata wa Ickx. Hausawa sun riga sun ce sauri kan haifi nawa. Allah ya kai matafiyanmu gida lafiya.