Daga wuri zuwa dala: yadda yaro yake koyon ƙidayar kuɗi a ƙasar Hausa ta Nijar

Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce. Wurin kuwa daga tsibiran Maldibi na tekun Indiya aka fi kawo shi, har ya zama abin ciniki a Katsina da Kano da Damagaram. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza riyal guda ta azurfa da wuri 2,500. A wannan zamani ba a keɓe wa yaro darasin kuɗi ba. Wajen talla da gindin rumfa yake koyo, yana ware wuri biyar biyar da yatsu, ashirin hauya, ɗari zangu, dubu zambar. Abin lura shi ne, adadin da baki ya faɗa shi ne adadin da hannu ya taɓa.

Wannan daidaito ya ɓaci bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka shigo da kuɗinsu ta hanyar haraji. Jama'a ba su ɗauki tamma, wato faran guda, a matsayin tushen ƙidaya ba. Ƙwandalar azurfa ta faran biyar suka riƙe, suka kira ta dala. Zabarmawa ma haka suke cewa, Bambara kuma suna da irin wannan lissafi da tasu kalmar. An ƙirƙiro sefa ran 26 ga Disamba 1945, an karya darajarta a Janairun 1994, amma duk wannan bai taɓa dala ba. Har yau a kasuwar Maraɗi ko ta Tawa, ƙwandalar da aka rubuta wa 25 dala biyar ce, mai 100 dala ashirin, takardar 1,000 kuwa jikka.

Ke nan yaro yana da lamba biyu ga kuɗi guda, wadda ido ke gani da wadda baki ke faɗi. Makarantar mulkin mallaka ta farkon kawai ta sani, tun da a Faransanci take karantarwa. Yarinyar da ke mayar da canji a kan faifan ƙosai ba tare da kuskure ba, in ta shiga aji sai ta zama kamar ba ta taɓa riƙe kuɗi ba, alhali kullum rabawa da biyar take yi a ka.

Da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, matsalar ta koma kan masu rubuta littafi. In an fassara 100 F da ɗari, yaro zai ji 500 F, don ɗari a bakin ƴan kasuwa dala ɗari ce. In kuma an rubuta dala 20, ga ƙwandala a hannunsa tana nuna 100. Ajin yaƙi da jahilci ya fi fuskantar wannan, domin manomin da ya zo koyon karatu galibi takardar awon gyaɗarsa yake son ya tantance.

A ganinmu dala ce ta cancanci zama mafarin darasi, tamma ta biyo baya, a gabatar da jadawalin biyar kafin sauran, a jera lambobin biyu gefe da gefe daga 5 F har zuwa takardar 10,000 F, wadda yaron ya riga ya sani da jikka goma.