Jirgin Kwal Ya Tafi, Ya Bar Mana Ƙa'idarsa

A shekarar 1911 layin dogo ya iso Kano daga Baro. Babu wutar lantarki a tashoshin da ke kan hanya, amma jirage na kai da komowa dare da rana. To, me ke hana su karo da juna?

Amsar ta samo asali ne daga wani mummunan haɗari da ya auku kusa da garin Arma na ƙasar Ailan cikin 1889. Taragon baya na wani jirgi suka gangaro da baya daga kan tudu, suka yi karo da jirgin da ke tafe, mutum 80 suka rasu, da yawansu yara. A wannan shekara majalisar Birtaniya ta kafa doka, lalle kowane jirgin fasinja ya kasance da birkin da ke kama kansa. Ƙa'idar ita ce, duk abin da ya lalace, jirgi ya tsaya. Da ita Turawa suka zo mana.

Dubi birkin. Da ƙarfin tururi kan jirgi ke zuƙe iskar da ke cikin wani bututu da ya ratsa dukkan tarago, sannan birki ya saki. In tarago ya tsinke, bututun ya yanke, iska ta shiga, nan take birki ya kama gaba da baya. Haka sigina take: hannu ne da ake ja da waya, an rataya masa ƙarfe mai nauyi. Wayar na tsinkewa sai hannun ya koma alamar tsayawa. Da dare kuwa fitilar kananzir ke haskaka shi. Sa'an nan direba ba ya barin tasha sai an damƙa masa sandar izini, kuma guda ɗaya tak ke iya fita tsakanin tasha da tasha.

Abin da ya kayar da jirgin tururi shi ne cinsa da shansa. Kwal ɗin da aka gano a Udi cikin 1909, sai an ɗauko shi tun daga Inugu. Ga neman ruwa a kan hanya, wanda ke wuya a Arewa in rani ya yi tsanani. Cikin 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, injinan dizil suka fara shigowa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal, ya ƙara gaggauta sauyin. Daga nan jirgin tururi bai sake farfaɗowa ba.

Amma ƙa'idar ba ta bi shi ba. A layukan zamani masu siginar lantarki, an tsara ta yadda in wuta ta yanke a wani yanki na dogo sai ja ta bayyana. In ma fitilar ta mutu ɗungurum, doka ta ce direba ya ɗauke ta a matsayin ja.

Saboda haka, mai karatu, in jirgi ya tsaya da kai a daji don sigina ta mutu, kada ka zagi direba. Tsayuwar nan da rayukan mutane aka saye ta.